Shekarar da Layin Ruwa Ya Rikice

Akwai maganar da nake so ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku ita a karkace, ita ce ta kawunku Lawali da layin ruwan Gidimuni. Kun taso kun tarar ana ce mini Madam Ordinata a unguwa, kun ga ina tashi da safe in tafi biro, wato ofis, in dawo da yamma, na kuma san a ranku kuna zaton uwarku ba ta taɓa kuskure a aikinta ba, don ni ma haka nake nuna muku. To na yi, kuma ba ƙarami ba. Na shekara talatin da ɗoriya ina rubuta furogiram, wato umarnin da ake jera wa ordinata, kwamfuta ke nan, ta bi, amma shekarar nan guda ta fi sauran duka koya mini aikin.

Yaya Lawali shi ne babba a ɗakinmu. Mu a Birni aka haife mu, a nan Damagaram, amma Innarmu ƴar Gidimuni ce, kuma da lambun gidansu ya rasa mai kula da shi, Yaya ne ya koma can ya zauna. Shi ya riƙa kai ni lakkwal, makarantar boko, a bayan kekensa, shi ya tsaya wa Baba har aka bar ni na wuce Yamai karatu. Mutum ne mai sanyin hali, ni kuma kun san ni, ba a gama tambayata na ba da amsa. Da masu lambun bakin tafki suka haɗa ƙungiya suka sayi injin ban ruwa guda ɗaya, shi suka naɗa sakatare, saboda rubutunsa mai kyau ne kuma ba a taɓa jin bakinsa a rigimar kowa ba.

Sai kun san yadda ake ban ruwa a can za ku gane abin da ya faru. Inji ɗaya ne, lambuna kusan arba'in, saboda haka layi ake bi, kuma layin ba na wanda ya fi dukiya ba ne ko wanda ya riga zuwa da safe. Gidan da kakanninsa suka fara sarar fadamar shi ke fara sha, sai wanda ya biyo shi, a haka har a zo kan baƙin da suka samu fili daga baya. Gidan wani tsoho, Baba Kyari, shi ne na farko tun kafin a haifi Innarmu. Na gaba yana samun ruwa da sanyin safiya, na baya kuwa sai rana ta take, wani sa'in ma mai ya ƙare a inji bai sha ba. Ba wanda ke jayayya da wannan jeri, yaro ma ya haddace shi. Abin da ake rigima a kai shi ne yawan awa: wane ya shuka albasa, wane rake, wane lambunsa ya fi faɗi. Duk Alhamis Yaya zai zauna da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ya raba awoyi, duk Jumma'a sai an samu mai cewa an rage masa. Da ya gaji ya zo ya same ni. Na rubuta musu furogiram, ƙungiya ta samu wata ƴar ordinata da injin buga takarda, aka kuma yi alkawari gaban kowa cewa abin da na'ura ta fitar shi za a liƙa a bangon rumfar taro, hannun mutum ba zai gyara ko harafi ɗaya ba.

A cikin furogiram ɗin na zuba bayanan lambunan a wata irin ma'ajiya da muke kira tabul ɗin hashaj. Ku ɗauka bango ne mai ramuka da yawa irin na ɗakin tantabaru. Kowane bayani yana da mabuɗi, wato abin da za ka kira shi da shi in kana nemansa. Na'ura za ta niƙa mabuɗin ya zama lamba, lambar ce ke gaya mata ramin da za ta saka bayanin, don haka in ka nema ba ta bin ramuka ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye take zuwa. Saurinta ke nan, shi ya sa duk mai wannan aiki yake son ta. Ni lambar lambu na sa ta zama mabuɗi: Baba Kyari ɗaya, na bayansa biyu, har ƙarshe. In na ce wa tabul ɗin ya fito da kowa da kowa, sai su fito a jere, ɗaya, biyu, uku, kamar yadda dattawa suka tsara. Rani guda cur aka yi ba a ji ko tari ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, har ina cewa a biro na kashe rigimar da ta girme ni.

Da rani ya zagayo na je Gidimuni duba na'urar. Bayan an ci abinci Baba Kyari ya sa aka kira ni, ya nuna mini takardar da ke bango da sandarsa.

"Ƴata, aikinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma mu ba sojoji ba ne, ba kuma ƴan kaso ba. Ubana ya yanka rago ya raɗa mini suna. Yau an wayi gari ni ne lamba ɗaya?"

Na ba shi gaskiya. Abin da ya kamata in yi shi ne in bar lambobin a ciki su ci gaba da aikinsu, in sa sunan ya fito a takarda kawai. Amma ni da son a ce na iya, sai na ce bari in cire lamba gaba ɗaya, sunan mutum ya zama mabuɗi, yadda Yaya zai rubuta suna kawai bayanin mai shi ya fito. Motar komawa Damagaram tana jira, direba sai hon yake yi. A tsaye na yi gyaran, a kan na'urar ƙungiya. Na rubuta Kyari, awoyinsa suka fito daidai, na rufe na ɗauki jakata. Ban buga takardar na gani ba, ban kuma kwafi gyaran na zo da shi gida ba.

Sati biyu bayan nan Yaya ya kira ni a talho ina tsakiyar wani aiki. Ya gaishe ni a tsanake kamar yadda ya saba, ya tambayi babanku, ya tambaye ku ɗaya ɗaya, sannan ya ce mutane suna ɗan maganar layi. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa mutanen nan ko madara aka ba su sai sun ce ta yi fari da yawa, abin da na'ura ta fitar shi ne daidai, ya liƙa kawai. Ya ce to. Da wannan "to" ɗin ya ajiye talho, ni kuma na manta da zancen.

A gidan suna na ji sauran, nan unguwar Zango, daga bakin wata ƴar'uwar Innarmu da ta zo daga can. Ta ja ni gefe ta ce ashe ban san abin da ke faruwa ba. Wai sati huɗu ke nan layi yana fitowa a birkice, kowane sati da irin nasa. Baba Kyari sau biyu yana faɗawa can ƙarshe, irin albasar da ya dasa ya ƙone a rana tun bai kama ƙasa ba. Abin da ya fi muni, surukin Yaya, wanda baƙo ne a fadamar, sau biyu yana fitowa a sahun gaba, kuma an ga an shiga da buhun albasa gidan Yaya. Ta ce an sa ranar Jumma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, Lawali zai dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya rantse bai taɓa takardar ba, ko kuwa ya ajiye mabuɗin rumfa. Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku san nauyin wannan ba. Mutumin da aka kai ga sa shi rantsuwa a ƙauye, ko ya fita, sunansa ya riga ya sha ƙasa.

Na dawo gida raina a ɓace, ko lulluɓi ban cire ba na buɗe ordinatata na kunna furogiram ɗin. Layi ya fito daidai, Baba Kyari a sama. Na rufe na sake, daidai. Sau goma na yi, sau goma yana fitowa yadda ya kamata. Babanku yana zaune a tsakar gida yana yankan fatar takalmi, ya ji ina ta tsaki, na gaya masa komai. Bai ɗago kai ba ya tambaye ni ko na tabbata wanda ke hannuna shi ne wanda ke can. Ya ce shi ko da ma'auni ɗaya ya yanka takalmi biyu, sai ya haɗa su ya gani kafin ya ɗinka. Wallahi da na saurare shi da an huta. Amma sai na ce masa ya tsaya ga fatarsa ya bar mini na'urata. Ya yi murmushi ya ci gaba da yankansa.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce a raina, furogiram lafiyarsa ƙalau, na'ura ba ta da suruki, to saura wa? Na kira Yaya.

"Yaya, don Allah ka faɗa mini gaskiya tsakanina da kai. In ka taɓa wani abu, ko don albasar nan da ake faɗa, ka gaya mini tun kafin Jumma'a in san yadda zan rufa maka asiri."

Abin da ya ce kawai shi ne:

"Habsu, ke ma?"

Daga nan ya ce Allah ya kai mu Jumma'ar, ya yi mini sallama. Shekara hamsin da wani abu ina ƙanwarsa, ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ranar Alhamis da sassafe muka kama hanyar Mirya mai kaiwa Gidimuni ni da babanku, wanda ya ce ba zai bar ni in tafi da wannan zafin kan ni kaɗai ba. Niyyata in zauna gaban na'urar in gano inda aka taɓa. Muka tarar da Yaya a rumfa, ya rame, ya gaishe mu kamar ba abin da ya faru. Na ce ya matsa, ni zan kunna da hannuna. Na kunna. Sunan farko da ya fito na wani ne da ko saninsa ban yi ba, Baba Kyari yana tsakiya. Na rufe furogiram ɗin na sake buɗewa, wani jerin dabam ya fito. Na sake na uku, wani dabam. Ba wanda ya taɓa komai, hannuna ne kaɗai a kai, kuma sai a lokacin na tuna gyaran da na yi a tsaye direba yana hon.

Zan gaya muku abin da na ji, ko da za ku yi mamaki. Kafin kunya ta zo, daɗi ne ya fara zuwa. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Yayana bai ci amana ba, bai karɓi albasar kowa ba, laifin nawa ne ni kaɗai, kuma laifi ne irin wanda na san yadda ake gyarawa. Na kifa kai a kan tebur ina ta alhamdulillahi, hawaye na zuba, babanku yana tsaye yana zaton wani mugun abu na gani. Kunyar ta biyo baya, ta kuma daɗe ba ta tafi ba.

Ga abin da ya faru a cikin na'urar. Tabul ɗin hashaj, a yaren furogiram ɗin da nake aiki da shi a lokacin, bai taɓa yi wa kowa alkawarin jeri ba. Aikinsa ya ajiye, ya nemo da sauri. In ka ce ya fito da kowa, ramukan yake bi daga na farko zuwa na ƙarshe, ba ruwansa da wanda ya riga shiga. Ƙananan lambobi suna faɗawa ramuka a jere, shi ya sa ranin farko komai ya tafi daidai, sa'a ce kawai na taka na ɗauka gwaninta ce. Suna kuwa in an niƙa shi, lambar da ke fitowa ba ta da alaƙa da girman gida ko tsufan lambu. Ƙari a kan haka, duk lokacin da aka buɗe furogiram, na'urar tana zuba wata sabuwar lamba a cikin niƙan, da gangan aka yi ta haka don kada ɓata-gari su san ramin da abu zai faɗa. Shi ya sa kowace Alhamis jerin ke sake kama. Yaya sau ɗaya yake buɗewa a sati ya buga ya rufe, ta ina zai gane? Kuma duk wannan yana rubuce a littafin yaren, na karanta shi tun ina ɗaliba.

Gyaran bai ɗauke ni daga azahar zuwa la'asar ba. Na rubuta jerin gidajen dabam, bisa tsarin dattawa, na sa furogiram ya riƙa bin wannan jeri suna bayan suna yana ɗauko awoyin kowa daga tabul. Na daina tambayar tabul wa ke gaba, tunda ba aikinsa ba ne. Na kuma ƙara wani ɗan gwaji da ke buɗe furogiram ɗin sau da yawa ya gwada jerin da juna kafin a buga takarda. Yanzu sababbin yarukan da yawa suna riƙe jerin da aka zuba abu, na ga hakan da idona. Duk da haka har na ajiye aiki, in jeri yana da muhimmanci, da hannuna nake rubuta shi.

Shugaban ƙungiyar, mutumin kirki ne, ya zo ya ga abin da ake ciki. Ya ba ni shawara a ce wa jama'a na'ura ce ta ɗan samu matsala an gyara, a bar maganar a nan. Ya ce akwai ƙungiyoyi biyu na ƙauyukan gaba da ke shirin kirana in yi musu irin wannan aiki, kuma da ma akwai masu cewa me ya kai mace ga tsara ruwan maza. Na ji daɗin shawarar, ba zan ɓoye muku ba, har na fara gyaɗa kai. Amma na san mutanen Gidimuni. In aka ce na'ura ta lalace, za su ce lalacewar da ta san surukin sakatare, a rufe maganar a rumfa a buɗe ta a gindin bishiya har jikokinsa. Ba abin da zai wanke Yaya sai su gani da idonsu. Na dubi babanku, ya ce shi dai gobe yana nan kusa da ni.

Bayan sallar Jumma'a rumfa ta cika har waje. An kawo Alƙur'ani an ajiye a kan buzu. Kafin liman ya yi magana na nemi izini, na sa aka ɗauko na'urar aka aza a tsakiya. Na bar tsohon furogiram ɗin da gangan ban goge ba. Na ce Yaya ya koma can bakin ƙofa, na roƙi liman ya danna da yatsansa inda zan nuna masa. Ya danna, takarda ta fito, aka karanta da ƙarfi. Aka rufe, ya sake dannawa, wata ta fito dabam. A ta uku sunan liman kansa ne ya faɗa ƙarshe, wani ya tuntsire da dariya a baya, aka yi masa tsawa.

"Jama'a, kun gani," na ce. "Ba hannun Lawali, ba na surukinsa. Ni na rubuta abin nan, ni na yi gaggawa ban gwada ba. Albasar Baba Kyari ni na ƙona ta. In akwai wanda za a tuhuma, ga ni."

Sai liman ya miƙa hannu ya ɗauke Alƙur'anin daga kan buzu ya mayar cikin gafakarsa. Ban taɓa ganin abin da ya sanyaya mini rai kamar wannan ɗaukewar ba. Aka kunna sabon furogiram sau biyar, sau biyar Baba Kyari yana fitowa a sama. Ƙungiyoyin nan biyu ba su taɓa kirana ba, kuma shekaru bayan nan in na sauka a tashar Gidimuni sai na ji ana raɗa cewa ga mai rikita ruwa. Ban ji daɗi ba, amma ban taɓa da-na-sani ba.

Da mutane suka watse na durƙusa gaban Baba Kyari na ba shi haƙuri a kan albasarsa. Ya ce albasa ana sake dasawa. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Wai duk sati huɗun nan, in suka taso wa Lawali, amsarsa ɗaya ce: ƙanwarsa ba ta kuskure, in ta sa layi ya juya to akwai hikimar da ta gani wadda su ba su gani ba, su yi haƙuri. Buhun albasar kuwa nasa ne na kansa, daga lambunsa aka kai masa gida. Tsohon ya ce in tashi in je in same shi, ba shi ne ya fi cancantar durƙusona ba.

Na same shi a lambu da la'asar yana gyara bakin kwari da fartanya. Na tsaya a bayansa na rasa ta inda zan fara, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba. Da ƙyar na ce ya yafe mini abin da na faɗa a talho. Ya dafa fartanyar ya ce ya yafe tun a ranar, maganar albasa ba ita ta dame shi ba.

"Da kika tambaye ni, sai na ce a raina, in har Habsu ta ce an taɓa, to ƙila na danna wani abu ban sani ba. Kwana huɗu ina tunanin yadda zan dafa Alƙur'ani in rantse a kan abin da ni kaina ban tabbata ba. Ko ruwa da ƙyar yake wuce mini."

Na zauna a kan kunyar lambun na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Innarmu. Ya bar ni na yi mai isata, yana ta jan ƙasa da fartanyarsa. Da na yi shiru ya saɓa ta a kafaɗa.

"Tashi mu je gida, Habsu. Yau kam yunwa nake ji."